Dunƙulen Ƙasa a Hannun Mama Hulda

"Baba, na ce ba zan faɗi haka ba!"

Mildred ta ɗaga murya har masu sayar da ayaba a bakin tashar Kafanchan suka juyo. Ƙafarta ɗaya tana cikin bas ɗin Zonkwa, ɗaya tana ƙasa, waya manne a kunne. Wanda take yi wa tsawar kuwa Baba Bartholomew ne, ƙanen marigayi mahaifinta, dattijon ikilisiya, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ajiye aiki amma ya ƙi ajiye muryar ofis.

"Kalma ɗaya ce fa, 'yata," in ji shi a sanyaye. "Idan baƙuwar ta tambaya, ki ce mamanki ta yi volunteer. Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane Turanci, sai ni zan koya miki?"

"Ita ta kawo kanta ke nan? Ita ta zo ta roƙe ku ku karɓe mata gona?"

"Madam, ko ki shiga ko ki sauka mana," in ji kwandasta.

Ta shige, ta kashe wayar ba sallama. Aka matse ta tsakanin buhun masara da wata mata mai kwandon kaji, ita kuwa ko ta kansu ba ta bi ba. Ranta a ɓace yake, irin ɓacin ran da ke hana mutum jin yunwa.

Maganar gona ce. Wata ƙungiyar likitoci daga Legas ta yi alkawarin gina ƙaramin asibiti a ƙauyensu da ke bayan Zonkwa, in dai gari ya ba da fili. Dattawa suka duba gabas suka duba yamma, abin mamaki, filayensu duk suka ɓace musu. Babu wanda idonsu ya gani sai gonar cittar Hulda, mahaifiyar Mildred, gwauruwa, wai don tana bakin hanya. Gonar da ta ciyar da gidan, ta kai Mildred har kwalejin horon malamai. A gefenta na sama, ƙarƙashin ɗorawa, nan kabarin mahaifinta Samson yake.

Kuma fa ba wanda ya zagi tsohuwar, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Ina! Ai mutanen Allah ne. Gaisuwa kawai suke zuwa yi kowace safiya, su zauna, su yi addu'a mai tsawo, su tashi su bar ta da maganar. Baba Bartholomew ya tuno cewa marigayi ya taɓa yi wa Ubangiji alkawarin filin, alkawarin da shi kaɗai ya ji. Aka ce ta huta da ba da waƙa a zumuntar mata, wai muryarta ta gaji. Ranar gayyar gonarta kowa ya tashi da ciwon baya. Ranar Lahadi kuma wa'azi ya koma kan masu taurin zuciya, idon Rabaran yana ta zamewa zuwa bencin da take zama. Duk wannan Mildred ba ta ji daga bakin uwarta ba, wata maƙwabciya ce ta tsegunta mata a waya. Sai ga shi a ƙarshe an kira ta, wai ta zo ta yi tafinta a bikin miƙa fili, tun da baƙuwar da ƙungiyar ta turo ba ta jin Hausa ko "zo in kashe ki".

Abin da ya ƙara ƙona mata rai, jiya-jiya ta gama koyar da wannan abin a aji. Ta rubuta wa 'yan aji biyar kalmomin a allo, tana bi tana warware musu da Hausa yadda za su zauna a kai. Force, a sa ka da ƙarfin tsiya, a kama ka a ja. Compel, a toshe maka kowace hanya a bar maka ɗaya. Oblige, a ɗaure ka da kunya da nauyin ido har ka kasa cewa a'a. Da ta zo kan coerce sai ta ja layi biyu a ƙarƙashinta, ta ce wannan ce ta fi muni, domin barazana ce: in ba ka yi ba zan yi maka kaza. Mutum ya yi abin da hannunsa, wanda ya sa shi kuma ya kakkaɓe riga ya ce shi bai taɓa kowa ba.

Yanzu a cikin mota tana ta jera ayyukan Baba Bartholomew, kowanne tana ajiye shi ƙarƙashin kalmarsa. Babu wadda ta tashi a banza. Yau sai baƙuwar nan ta ji su duka.

Sai dai ta san kalma kaɗai ba za ta ceci gonar ba. A garinsu ba a ba da fili da takarda kawai. Mai fili ne zai sunkuya a gaban jama'a, ya ɗebi ƙasar wurin da hannunsa, ya zuba a tafin mai karɓa. Tun kafin coci ta zo haka ake yi, da ta zo kuma ba ta hana ba, addu'a kawai ta ƙara a kai. Da zarar ƙasar ta bar hannu, shi ke nan. Ɗa ba ya tayar da maganar, jika ba ya tayarwa, wanda ya kai ta kotu ma ko ya ci nasara ba zai sami mai taya shi noma a wurin ba.

Daga Zonkwa ta hau mashin. Tun daga nesa ta hango rumfuna an kafa a bakin gonar, fararen kujerun roba a jere, matan zumunta suna gwada kiɗan tulu da ganga. Ganyen citta ya fara ja, saura kaɗan a haƙa. Wani ya riga ya tattake kunya biyu na gaba don a sami wurin ajiye lasifika. Ta ce wa mai mashin ya wuce da ita gida kai tsaye.

Ta tarar da Mama Hulda a ɗaki tana ɗaura zanen zumunta. Tsohuwar ta rame, ɗankwalin ma kamar ya yi mata yawa.

"Kin zo? Kin ci abinci?"

"Ba cin abinci ya kawo ni ba, Mama. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"An gama magana ai."

"Wa ya gama? Ke ko su?"

Hulda ta zauna a bakin gado, ta kalli hannuwanta. "Ni abin da na so tun farko..."

"Na san abin da kike so! Gonarki kike so, kuma ba mai taɓa ta. Mutanen nan ba su da kunya? Shi Baba Bartholomew filin da ya bari ciyawa ta cinye a bayan makaranta, Ubangiji ba ya karɓar irinsa ne?"

Kamar jira yake a ambace shi, sai ga shi a bakin ƙofa da kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana share gumi da hankici.

"Mildred, a nan gidan aka yi miki tarbiyya, ko a Kafanchan kika zubar da ita? Kashe mini waya?"

"Ina kwana, Baba," ta ce a tsaye, ko rusunawa ba ta yi ba. "Filinka na bayan makaranta fa?"

"Dutse ne a wurin. Injiniya ya duba."

"Wane injiniya? Yaushe ya zo? Wa ya gan shi?"

"Ke! Ni kike yi wa tambayoyin 'yan sanda? Babu wanda ya tilasta wa Hulda. Shawara muka ba ta. Persuasion, in Turancin kike so. Laifi ne a tuna wa Kirista aikin Allah? Mata nawa suka haihu a kan hanya kafin su kai asibiti? Ke kina birni, kina fita ƙofa ga kemis, ga likita. Mu ne a nan."

"To ku ba da naku mana!"

"Hulda," ya juya ga tsohuwar kamar Mildred ba ta wurin, "baƙi sun iso. Kada ki ba mu kunya a gaban mutanen Legas. Kin dai san ranar da ba ki da lafiya ko wa ke ɗaukar ki." Ya fita yana gyara kwat.

Mildred ta juyo. Ta ga uwarta ta miƙe tana neman takalmi, kai a sunkuye, irin tafiyar wadda ta riga ta sallama. Nan fa tsoro ya haɗu mata da fushi, domin ta san halin Mama: a gaban Rabaran da jama'a ko ranta aka ce ta bayar, miƙawa za ta yi.

"Mildred, ki bari in gaya miki, ni da ma..."

Ta cafke wuyan hannun tsohuwar, ta riƙe gam.

"Mama, ki ji ni da kyau. A kan gonar nan kika tsufa. Baba yana kwance a cikinta. Idan kika buɗe hannun nan kika zuba musu ƙasar nan, ba za ki sake ganin ƙafata a gidan nan ba. Ba Kirsimeti, ba Ista. Tamar ma ba za ta ƙara zuwa hutu wurinki ba. Na gaya miki."

Tamar 'yar Mildred ce, jika ɗaya tilo, wadda Hulda ke ɓoye wa gyaɗa da zuma tun daga kaka har hutu ya zo. Tsohuwar ta ɗago ta dubi 'yarta, ta daɗe tana dubanta. Ta zare hannunta a hankali, ta sa takalmi.

A bakin gona an cika. Aka yi waƙa, aka yi addu'ar buɗewa, aka gabatar da manyan baƙi har da waɗanda ba su zo ba. Baƙuwar, Dokta Joanna, doguwa ce mai gilashi, sanye da atamfa da takalmin ƙafa-ciki, tana ta murmushi irin na wanda ba ya jin abin da ake faɗa. Mildred ta tsaya a gefenta da makirufo. Rabaran Francis ya bayyana al'adar ɗibar ƙasa, ta juya mata da Turanci. Dokta ta ji daɗin abin ƙwarai, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba, har ta ba direbanta waya ya ɗauki hoto.

Sai ta ce, kafin a yi, tana da tambaya ɗaya da ƙungiyarsu ke yi a ko'ina: Mama da zuciya ɗaya take bayarwa?

Mildred ta juya tambayar da Hausa, da ƙarfi, ta kuma maimaita da yaren garin don kada wani ya ce bai ji ba. Hulda ta dubi ƙasa. Kafin ta motsa baki Baba Bartholomew ya yi tsalle ya amsa da Turancinsa na ofis, cewa ai ita ta kawo kanta, kunya ce kawai irin ta matan ƙauye. Jama'a suka tafa. Rabaran ya yi wa masu ganga alama.

Hulda ta tako zuwa bakin kunya. Ta sunkuya da ƙyar, ta tura yatsu cikin jar ƙasar da ta sha taki da guminta, ta ɗebo. Dokta Joanna ta haɗa tafukanta biyu ta miƙa. Tsohuwar ta ɗaga dunƙulen hannunta a kansu.

Hannu bai buɗe ba.

Ganga ta yi ta bugawa, ta gaji, ta fara raguwa. Mai tulu ta tsaya tana leƙe. Rabaran ya yi 'yar dariya a makirufo ya ce, "Mama tana addu'a ne, mu ba ta lokaci." Aka ba ta lokaci. Hannun nan yana nan a sama, a dunƙule, ko ƙwayar ƙasa ɗaya ba ta faɗo ba.

"Hulda," in ji Baba Bartholomew ƙasa-ƙasa, haƙora a waje don masu hoto. "Buɗe mana."

Hulda ko gezau.

"Hulda, kada ki yi mini haka."

Ya matso ya dafa hannun kamar mai taimako. Daga dafawa sai ya kama babban yatsa ya ja. Da ya ƙi, ya sa hannu biyu. Tirƙashi! Hannun da ya shekara yana riƙon biro ya gamu da wanda ya shekara yana riƙon fartanya. Ya ɓamɓare yatsa ɗaya, ya koma na biyu, na farkon ya koma mazauninsa. Murmushin ya zube daga fuskarsa, gumi ya keto, ya manta da baƙi, ya manta da lasifika, yana murɗa hannun matar wansa a gaban gari yana cewa, "Ki buɗe na ce! Ki buɗe!"

Dokta Joanna ta janye tafukanta ta kai su baya. Ta juyo ga Mildred, murmushin ya tafi, ta tambaye ta me ke faruwa a nan.

Ai kuwa kamar an buɗe famfo. Mildred ta ɗaga makirufo ta zazzage komai da Turancin aji, tsaf, ba gargada. Gaisuwar safiya da addu'o'in, ta ba su sunansu. Hana waƙa da gayyar da aka ƙi zuwa, ta ba su nasu. Wa'azin, alkawarin da mamaci bai yi ba, maganar wa zai ɗauke ta in ta kwanta ciwo, kowanne ta ɗora masa kalmarsa kamar tana makin jarrabawa. Ta nuna hannun Baba Bartholomew da har yanzu yake kan na uwarta ta ce wannan kuma ba ya bukatar tafinta. Sannan ta juya ta maimaita duka da Hausa, don kowa ya kwashi rabonsa.

"Ƙarya take yi!" in ji Baba Bartholomew, ya saki hannun kamar ya taɓa wuta. "Yarinyar nan ba ta da kunya!"

Rabaran ya yi ta cewa a kwantar da hankali cikin sunan Yesu, ba mai jin sa. Dokta Joanna ta jira hayaniyar ta lafa, ta yi magana a taƙaice, Mildred ta juya: ƙungiyarsu ba ta gini a filin da aka karɓa ta haka. Akwai wani gari wajen Gwantu da suka daɗe da ware nasu filin suna jira, can za su duba. Dokta ta je ta rusuna wa Hulda, ta ba ta haƙuri da Turancin da tsohuwar ba ta ji, ta shiga mota.

Motar ba ta gama juyawa ba wata mata mai goyo ta taso daga cikin 'yan zumunta, ta nuna Mildred da yatsa.

"Kin kyauta, Malama! Ke gobe kina Kafanchan. Mu mu ci gaba da haihuwa a kan mashin ke nan, ko?"

"Ki tambayi masu filin bayan makaranta!" Mildred ta mayar mata.

Ta ajiye makirufo a kan kujera ta ce, "Mama, mu tafi." Ba wanda ya raka su. Matan da Hulda ta shekara tana ba su waƙa suna amsawa, kowace ta sami abin dubawa a cikin jakarta.

Suka bi ta cikin gonar, ta hanyar da ke wucewa gefen ɗorawa. Mildred tana gaba, daɗi da sauran fushi sun cakuɗe mata. Ta yi nasara. Citta tana nan, kabarin Baba yana nan, ba mai zuba siminti a kansu. Tana tafe tana magana, yadda za ta nemo 'yan ƙwadago daga Zonkwa su haƙe cittar tun da gayya ta zama abin da ta zama, yadda Baba Bartholomew zai yi wata bai fita kasuwa ba. Sai can ta lura ba a amsa mata. Ta waiga.

Hulda ta tsaya a inda gonar ta gangara zuwa rafi, tana kallon gefen ƙasa, wurin da ba a shuka komai ba bana.

"Nan na so in ba su," ta ce. "Daga wancan itace zuwa ruwa. Ya isa asibiti, har da wurin ajiye mota."

"Mama?"

"Babanki a kan mashin ya mutu. Ni na riƙe shi ta baya, muna zuwa Kafanchan. Kafin mu kai kwalta na ji ya yi nauyi." Ta dubi rafin. "Tun ranar da aka ce asibiti, na ce zan ba da ƙasan, a bar mini saman da citta da kabari. Bartholomew ya ce duka ko babu, wai mutanen Legas ba su son rabi. Na so in gaya miki da safe."

Sai yanzu Mildred ta tuna. Sau biyu tsohuwar ta fara maganar a ɗaki, sau biyu ita ta take ta.

Hulda ta matso, ta miƙo hannunta na dama. Har yanzu a dunƙule yake. Yatsun sun kumbura, akwai ƙujewa inda Baba Bartholomew ya murɗa. A wuyan hannun kuma ga wani sawun daban, shatin farce a jere, wanda ba shi ya yi ba. Mildred ta gane shi. Ta tuna da allon ajinta, da kalmar da ta ja wa layi biyu, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Kin gani, ban buɗe ba," in ji Hulda. "Ya ja, ya ja, ban buɗe ba. Za ki kawo mini Tamar da Kirsimeti?"

"Mama, don Allah..."

"Za ki kawo ta?"

"Zan kawo ta."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta dubi dunƙulen hannunta, ta dubi 'yarta.

"To in buɗe yanzu?"